Ranar da Aka Sa Inna Ta Kira Sunana

Shekarun baya kaɗan, a ƙaramar Sallar farko bayan rasuwar mahaifiyata, na tayar da rigimar da har yau wasu dangi ke ce mini mai taurin kai saboda ita. Na karɓi sunan hannu bibbiyu.

Ni ne ɗan farin Inna. Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu ya san kunyar ɗan fari. Tun da ta haife ni a Karare har ta koma ga Allah, bakinta bai taɓa kama sunana ba. "Wancan" nake, ko "yayanku". In na zo daga Safana gaishe ta, kai take kawarwa ta amsa a taƙaice, amma kafin in tashi an turo mini furar da ta fi ta kowa nono. Haka muke son junanmu, kuma ya ishe mu.

Ranar Sallar muna zaune a tsakar gida bayan an ci tuwo, sai ƙanena mai shagon waya a Batsari ya ce ya zo mana da tsaraba. Ashe ya tattara saƙonnin murya da Inna ke sa ƙanwarmu ta tura masa, ya haɗa da wani hotonta na biki, ya zuba wa manhajar AI ɗin nan mai sa hoto ya yi magana. Yana dannawa sai ga Inna tana motsa baki, tana kallona ido cikin ido. Ta kira sunana ɓaro-ɓaro, ta ce, "Ɗana abin alfaharina, barka da Sallah."

Ba zan ɓoye muku ba, ni na fara kuka. Ƙato da gemu, 'ya'yana na kallo, ina ta jan majina. Mata suka ɗauki salati. Amma hawayen na tsayawa raina ya ɓaci, irin ɓacin da ban taɓa ji ba.

Na ce, "Goge shi."

Ya ce, "Haba Yaya! Mi ya yi zafi? Don kai na yi fa, abin da ba ka taɓa ji ba na jiyar da kai. Anjima ma zan ɗora a shafina, jama'a su yi mata addu'a."

Na ce, "Matar da ta riƙe bakinta tsawon rayuwarta, ita za ka buɗe wa baki a gaban duniya don ba ta da ikon hana ka? Ka tambaye ta?"

Kawunmu ya sa baki, wai zamani ne, kowa yi yake. Na ce, "Kawu, ka gafarce ni. Kowa ya yi da tasa uwar, ban da tawa." Na tashi na tare ƙofa, na rantse wayar nan ba ta fita gidan sai an goge. Ni da ko lamba sai an adana mini, sai ga ni ina ba mai shagon waya umarni. Ya goge yana huci. Ƙanwarmu ta matso ta ce akwai inda abin da aka goge yake komawa ya ɓuya. Na sa ya bi shi can ma.

Ya yi watanni ba ya ɗaga kirana. Mun shirya daga baya, amma har gobe yana ganin alheri ya yi mini na watsa masa ƙasa a ido. Na san da zuciya ɗaya ya yi. Ni ma ba gaba nake da waya ba, da ita nake jin farashin gero kullum. Sai dai ban yi nadama ba, kuma in aka sake, zan sake tare ƙofa.

Tuni na tara 'ya'yana na gaya musu: hotunana ga su nan, muryata ma ta cika wayoyinku. In akwai abin da kuke so ku ji daga bakina, ku tambaye ni yanzu ina da rai. In an binne ni, ku bar ni in yi shiru.