Asabar da Lahadin Mushe Lawali

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina kan gini a Tamanrasset ina miƙa bulo wayata ta yi ƙara a aljihu. Ban ɗauka ba sai da aka tashi cin abincin rana, don mai aikin ba ya son ganin waya a hannun lebura. Hadiza ce, matata, daga Madarumfa. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta ce, "Baban Nana, sai haƙuri. Mushe Lawali ya rasu da safen nan." Zazzaɓin kwana huɗu ne, aka kai shi likita, kwana ya ƙare. Na yi salati, ta yi. Can ta ce, "To yanzu wa zai riƙa zuwa gonar?" Na ce mata yau ba ranar wannan magana ba ce. Amma tun daga ranar tambayar ba ta bar ni na huta ba, ita ce ma ta sa na zauna rubuta wannan.

Waɗanda suka yi masa salla sun san shi malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake kiran malami Mushe da Faransanci, shekara da shekaru yana koyar da yara a wani ƙauye ta wajen Safo. A nan muka haɗu, lokacin da aka turo ni malamin kwantiragi, shi kuwa ya riga ya tsufa a aikin. Ya girme ni da nisa, Yaya nake ce masa. Ba zan yi dogon bayani kan ajinsa ba, ɗalibansa sun fi ni sani. Abin da na sani shi ne yadda yake yi da kwana biyun da ba a zuwa aiki.

Mu sauran malamai, da an tashi ran Juma'a, wasu su hau mota sai Maradi, wasu kuma mu baje tabarma a fada, wato majalisarmu ta hira, shayi da karta har Lahadi ta ƙare. Ni ne ma mai dafa shayin. Shi kuwa da an sallame asubar Asabar zai ɗaura adda a bayan kekensa, ya rataya goran ruwa, ya wuce ta gabanmu ya nufi daji. Mukan ce, "Mushe, yau ma za a je ba ƙirare darasi?" Ya ce, "Sun fi ku saurare." Wata rana na tambaye shi ko ba ya gajiya. Ya ce, "Sanusi, kwana biyar na gwamnati ne, ta biya ni, na ba ta. Biyun nan nawa ne. In na zubar da su ba ni da wanda zan kai ƙara."

Aikin da yake yi ba wani abin mamaki ba ne a ido. A gonakinmu akwai kututturan itatuwan da aka sare tun zamanin kakanni, gawo, kalgo, sabara, magarya. Duk shekara sai su yi toho, duk bazara kuma manomi ya zo sassabe ya share su tas ya cinna wuta, don a ce gonarsa tana da tsabta. Mushe Lawali sai ya durƙusa gaban kututture ya duba tohon nan ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi uku ko huɗu mafi ƙarfi, ya datse sauran. Yakan yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage, sannan ya ɗaura ɗan jan tsumma a jiki, mai wucewa ya san itacen nan yana da mai shi. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, kuma bai taɓa cewa shi ne ba. Abin da ya fi mu shi ne komawa. Asabar ta zo ya je, Lahadi ta zo ya koma. Da ya gama da gonarsa ya shiga ta gwauraye da ta tsofaffin da ɗiyansu suka tafi bida, wato ci-rani, da izininsu, ba tare da ya karɓi ko damin gero ba.

Ba zan mai da shi waliyyi ba don ya mutu, shi ma ba zai so ba. Mutum ne mai taurin kai. Biki ko suna in ya faɗo ran Asabar, sai azahar za a gan shi, ƙafafu duk ƙura, an riga an yi fatiha. Iyalinsa, Yaya Rabi, ta sha kunya a kan haka, ta sha faɗa masa. Yakan ce, "Ai an bar mini tuwona." Jana'iza kaɗai ke sa ya ajiye adda. Kuma in ya fara zancen saiwar gawo, ko kana sauri sai ka tsaya.

Da na gaji da jiran albashin da ba ya zuwa kan lokaci, na ajiye alli na nufo arewa. Na bar Hadiza da yara uku da gonar da na gada wajen mahaifina, fako ce rabinta, iska ta kwashe ƙasar. Ban roƙe shi ya duba ta ba. Shi ya je ya sami Hadiza ya ce ta ba shi izini, ta ba shi. Shekara uku yana zuwa.

A nan ne na yi abin da har yau nake jin nauyinsa. Wani da ya zo daga gida ya ce mini a gaban mutane, "Gonarka ta zama daji, kowa ya wuce ya san mai ita ba ya nan." Zuciya ta ɗebe ni. A wajenmu gona mai ƙirare gonar rago ce, haka muka tashi muka ji. Na aika aka ɗauki 'yan ƙwadago, na ce a yi sassabe irin na da, kada a bar ko tsinke. Ran Alhamis suka yi, yana cikin aji. Suka sare itatuwan da suka kai tsayin mutum, suka tara suka ƙone har da jajayen tsummokin.

Hadiza ta ce da ya zo ran Asabar ya daɗe tsaye a bakin gonar riƙe da keke. Daga nan ya shiga ya tona gindin wani kututture da hannu, ya duba, ya mayar da ƙasa. Da la'asar ya kira ni.

"Sanusi, kai ka aiko?"

"Ni ne, Yaya. Gonar ubana ce."

"Ta ubanka ce, ban musa ba. Wutar ba ta kai saiwa ba. Abin da nika tambaya, in ci gaba da zuwa ko in daina?"

Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Na ce masa, "Yi yadda ka gani," na kashe waya. Da Asabar ta zagayo ya koma ya fara daga farko. Shekara shida ya ƙara a gonar nan. Muna gaisawa da salla, yana ba ni labarin tsayin gawo, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Kullum ina cewa sai na koma gida, ido da ido. Ga shi an binne shi ina miƙa bulo a ƙasar wasu.

Abin da kwanakinsa biyu suka haifar, iyalina ne shaida. Shekarar da iskar farkon damina ta binne shuka, maƙwabta suka sake shuka har sau uku, tamu sau ɗaya aka yi, itatuwa sun tare yashi. Geron da ke ƙarƙashin gawo ya fi na ko'ina kai. Hadiza ta daina tafiya nesa neman itacen girki, rassan da ya datse sun ishe ta, awakinta kuma suna cin 'ya'yan gawo da rani. Ni da na tafi neman abin da zan ciyar da su, akwai watannin da ban aika komai ba. A watannin nan gonar ce ta riƙe gidana, wato Asabar ɗin wani ce ta riƙe shi.

An ce ranar addu'ar uku manya sun zo da motoci, an yi jawabi, an kira shi abin koyi. A cikin masu jawabin akwai waɗanda muka zauna fada ɗaya muna yi masa dariya. Raina ya ɓaci da na ji. Da na sake tunani sai na ga ba ni da bakin magana, su dariya kawai suka yi, ni adda na aika. Kuma gara a yabe shi a makare da a yi shiru. Amma ina alfahari, kuma ina so 'yan Madarumfa su yi alfahari, cewa a cikinmu aka yi mutumin da ba shi da mota, ba shi da ofis, ya canza fuskar dajin Safo da keke da adda da ranakun da mu muke kashewa da shayi.

Bazara ta kusa, lokacin sassabe. Hadiza ta ce tuni wani ya zo yana zagaya manyan itatuwan yana tambaya ko na sayarwa ne, tun da mai tsaronsu ya tafi. Shekara tara abin da ya hana ni komawa kunya ce, kada a ce Sanusi ya dawo hannu wofi. Jiya na kira ta na ce kada kowa ya sa ƙarfe a gonar nan sai na zo, ina hanya kafin ruwan farko. Ta ce, "Da me za ka dawo?" Na ce da ni kaina. Ban iya datsa kamar shi ba, zan tambayi tsofaffin da ya koya wa. Gonar Yaya Rabi zan fara shiga, kafin tawa.

Ya Allah, ga bawanka Lawali ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa duk inuwar da mutum ko dabba ya sha a ƙarƙashin itatuwan nan ta zama sadaka mai gudana a gare shi. Haƙƙinsa da ke wuyana, ya Allah, ka sanya ya yafe, ka ba ni ikon biya a kan iyalinsa. Allah ya ba Yaya Rabi da ɗiyansa haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya tsare su daga wulaƙanci. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.