Malam Issaka Tafinta da Rijiyar Giranti

Kullum kafin ya tafi ofishin Bature, Malam Issaka tafinta sai ya bi ta bakin rijiyar unguwarmu a Zango. Ba ruwa yake nema ba, don maƙwabta sun riga sun cika masa randa. Yakan tsaya ne kawai, hula a karkace, ya leƙa ciki, ya gaida masu jan guga, sannan ya wuce. A ofis kuwa yini yake a tsaye, fataken goro su faɗi tasu da Hausa, 'yan gari da harshen Asante, Bature da Turanci, shi yana ɗaukar magana daga wannan baki zuwa wancan. Bana ƙafafunsa sun gaji, zai ajiye aiki, shi ya sa muke masa wannan jinjina tun yana ji da kunnensa.

Waɗanda suka zo Kumasi kwanan nan ba su san wuyar da aka sha kafin rijiyar nan ba. Bayan yaƙin Jamus, matanmu rafi suke gangarawa, su hauro tudu da tulu a ka. Cikinsu har da Ayishatu, matar Issaka, wadda ya zo da ita daga Dosso, ga tari ya sa ta a gaba, ga ta ba ta yarda wani ya ɗebo mata.

Ana nan sai Bature ya ce gwamnati za ta ba da "giranti" a haƙa rijiya, in ba a karɓa kafin damina ba kuma a kai wata unguwa. Nan kalma ɗaya ta gagari tafinta fassarawa. Ya ce wa dattawa bashi ne, Liman Mutala ya ce shi ba ya kusantar abin da zai haifi riba. Ya ce sadaka, suka ɓata rai, wai yaushe suka yi bara a ƙofar Nasara. Ya ce kyauta, Musah mahauci ya gyara zama ya nemi a raba wa kowa nasa. Duk fassarar da ya mayar wa Bature sai Baturen ya girgiza kai. Hadari ya fara haɗuwa, Ayishatu tana ta hawa tudu, abin yana cin Issaka a rai.

Wata safiya yana miƙa mata kuɗin kasuwa ya yi mata ƙorafin girantin nan. Ta tambaya ko ana biya, ya ce a'a. Ta tambaya ko mutum na iya yin abin da ya ga dama da shi, ya ce a'a.

"To ai kuɗin cefane ne, Malam," in ji ta tana dariya. "Ba ka cewa in biya ka, amma in na sayo ɗankunne da shi, da yamma sai ka tambaye ni tuwo."

Haka ya kai wa dattawa maganar, bai ƙara gishiri ba. Liman Mutala ya murmusa ya ce, "Ashe mu ne uwargida. To a karɓa, a dafa abin da aka ce."

Kai ne, Malam Issaka, ka tsaya kan mahaƙa har aka kai ruwa, ba ka bari an karkatar da ko bulo ɗaya ba. Kai ne kuma ba ka taɓa cewa hikimar taka ce ba. Sai dai Allah bai nufi Ayishatu ta sha ruwan ba. Ana cikin haƙa tarin ya kwantar da ita, aka kai ta makwanci kafin guga na farko ya fito. Mun san kewarta ce take kawo ka bakin rijiyar nan kowace safiya, mu ma muna kewarta.

Mun gode, tafintan Zango. Allah ya saka, ya jiƙan Ayishatu. Matasa masu koyon Turanci, ku yi koyi da shi, kada ku miƙa wa mutanenku kalma sai kun tabbata ta dahu.

Yau yaran unguwa sun ɗauka giranti sunan rijiya ne. Jiya ma wata yarinya ta wuce shi da tulu tana cewa za ta Giranti. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara wa mutane magana bai gyara mata ba. Ya dai ce ta ja a hankali, cefanen Ayishatu ne.