Teburin Fundi Kondo Ya Leƙa Kicin

Fundi Kondo kafinta ne mai kyan hannu, wannan ba zan hana shi ba. Matsalar dai bakinsa ya fi hannun aiki. Mun yi shekaru tare a rumfar haɗaka ta kafintoci a unguwar Keko, mu da yawa a kan tsohon zarto guda, kowa yana jiran layinsa. Kondo ya tsani jira. Kullum yana tsaye da katako a kafaɗa yana shaida wa duk mai kunne cewa ranar da ya mallaki nasa injin, shi da neman izinin ɗan'adam har abada.

Ranar kuwa ta zo. Ya sayar da gonar gadonsa ta Kisarawe, ya kama wani siririn shago a bayan layinmu, ya sayo injin yanka ɗan gwanjo, irin mai dogon tebur a gefe. Kan teburin ake kwantar da faifan katako a tura, ya zame ya kai shi bakin zarto. Mu muka sha nauyin shigar da shi. Kondo yana gefe da tef ɗin awo a wuya, yana cewa, "Na auna shago, na auna inji. Ni ba na aikin kintace irin naku."

Daga nan aka shiga ado. Ya yini a durƙushe yana daidaita ƙafafun injin da lebur, ma'aunin nan na magina. Ya ɗaura sandar jingina katako, ya kwance, ya sake ɗaurawa. Ya sayo abin matse faifai, ya sayo marfin zarto, ya haɗa bututun zuƙe ƙura mai buhu kamar cikin saniya. Har wata fitila ya maƙala mai zana jan layi a kan katako. In zai rufe shago, da sabon zanen kanga yake lulluɓe injin, alhali matarsa tsohon zane take ɗaurawa. Duk tsawon lokacin nan injin bai yanka ko tsinke ba.

Sai ya samu aikin durowoyi na wani sabon masaukin baƙi, babban aiki, kuma masu shi suna sauri. Ya gayyace mu ganin yankan farko, har da shayi da mandazi, fanken nan namu. Ya ja teburin baya, ƙarshensa ya fito ta ƙofa har bakin hanya. Ya kwantar da faifai, ya kunna, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tura. Zarto ya ci kamar kamu biyu, sai kan teburin ya daki bangon baya. A ɗaya gefen muka ji tukunya ta faɗi.

Kondo ya auna injin a tsaye. Bai auna tafiyarsa ba.

Bayan bangon nan kicin ɗin Mama Zuwena ne, mai sayar mana da ugali, tuwon masararmu, da kifi. Ta zagayo da muciya a hannu.

"Fundi, jirgin ƙasa ka sayo ne? Wakena na ƙasa."

"Mama, ɗan kuskuren wuri ne."

"Wurin ne ya yi kuskure? To a kira wurin ya zo ya kwashe."

Juya injin ba zai yiwu ba, shagon ba faɗi. Na ce masa, "Yaya, kawo shi rumfa. Akwai fili. Kowa ya yanka, kai ma ka bi layi." Ya kalle ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Komawa layi ta fi masa asarar aikin ciwo, aikin kuma in ya kuɓuce, gona ta tafi a banza.

Kwana ya yi yana zagaya injin. Washegari ya wanke fuska ya tafi wurin Mama Zuwena, ya roƙi ta bari a huda bango, daidai inda kan teburin zai wuce. Mai ginin ƙaninta ne, don haka maganarta ce magana. Ta bar shi a tsaye har ta gama yanka albasa.

"Huda. Amma in tukunyata a buɗe take, ba yanka. In ina tuƙi, ba yanka. In na ga ƙurar katako a miyata, kai za ka shanye ta gaban mutane."

"Mama, ai aikin sauri ne."

"Ni ma cikin mutane sauri yake yi, ɗana."

An huda. Durowoyin sun fita, kuma sun yi kyau, layinsu kamar an ja da zare. Na faɗa tun farko, hannunsa ba ya ƙarya.

Yanzu in ka bi ta bayan layinmu da hantsi, za ka tarar da Fundi Kondo tsaye gaban injinsa, fitila tana zana jan layinta, shi kuma yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa.

"Mama, in turo?"

"Jira, ina kwashe ugali."

Ya jira. Wani lokacin in teburin ya dawo, akan ga farantin kifi a kansa, an rufe da wani farantin. Mu a rumfa har yau layi muke bi, amma dai ba mai sa mu jiran wake ya nuna.