Libarbar Baba da gwajin sujada

Shekarun baya, zamanin mulkin Shugaba Ahidjo, ɓarayi suka tare mahaifina yana dawowa daga kasuwar shanu ta Etoudi, suka yanke shi a hannu. Da ya warke ya nemi izinin riƙe libarba, ƙaramar bindigar nan ta aljihu. An sha jeka-ka-dawo kafin izinin ya fito. Ranar saye ya tafi da ni shagon wani Bature, don ni ce na yi kolej, ni ke jin Faransanci.

Tun a hanya ya ja min kunne: "Uwata, kada wani a unguwarmu ta Briqueterie ya ji. In aka san ina da bindiga, wasu za su ce ɗan leƙen asirin gwamnati ne ni, wasu su ce ɗan tawaye. Ko gaisuwa sai ta gagare ni."

Baturen ya jera guda uku. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya wuce wuƙar yanka albasa ba, na nuna babbar.

"Baba, ɗauki wannan mu tafi. Waccan ƙaramar ai ko ɓera ba zai tsorata ba."

"Ke dai gaggawa. Ce masa ya tabbatar babu harsashi, ya kuma matsar min da kujerar nan."

Ya cusa babbar a aljihun 'yar cikinsa, ya gyara babbar riga, ya tuɓe takalmi. Sai kawai na ga ya yi ruku'u a tsakiyar shago! Yana kai goshi ƙasa, bindiga ta sulluɓo, tim, a kan siminti.

Baturen ya zaro ido. "Mademoiselle, ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa ƙalau, gwaji yake," na ce, kunya kamar in nutse.

Ta biyu ba ta faɗo ba, amma da ya zauna zaman tahiya ta turo riga kamar ya ɓoye doya. Ƙaramar da na raina kuwa ta kwanta luf. Ya sake sunkuyawa, ya miƙe, ya juya.

"Uwata, kin ga wani abu?"

"Ban gani ba."

"To ita ce. Ɓarawo wataƙila in sake haɗuwa da shi, wataƙila a'a. Sahun masallaci kuwa kullum ina ciki, kafaɗa da kafaɗa."

Shekara da shekaru ya riƙe ta, bai taɓa harba ta ba. Ni dai har yau ban daina gaggawa ba, amma na daina sayen abu kafin in gwada shi a inda zan yi rayuwa da shi. Abin da ya fi sa ni dariya kuma, wata rana na kawo musu ruwa a zaure, na ji liman yana yi masa faɗa: "Alhaji, hanyar Etoudi ta lalace, ka nemi ko 'yar bindiga mana!" Gwiwarsu na gugar juna, Baba ya gyara riga ya ce, "Allah dai ya tsare mu, Malam."