Kyamarar Garkenmu Ta Yi Magana

Jama'a, ku ji abin da ya faru yau!

Kun san kyamarar da Yaya Sani ya haɗa a garkenmu, yake kallon shanu ta wayarsa daga birni? Ɗazu bayan la'asar ina zuba musu dusa, kawai ta yi magana! Muryar namiji ce: "Sannu da aiki, Hajara."

Na kira Yaya. Ya ce, "Wallahi ba ni ba ne! Innalillahi, ban canja lambar sirrinta ba. Zare ta daga sola yanzu!"

Na miƙa hannu ke nan, muryar ta yi dariya.

"Zare abinki. Mun riga mun ga inda kuke ɓoye makullin garken."

Na zare. Baba yana gona, kira huɗu bai ɗaga ba.