Ranar da Tuwona Ya Riƙe Iska

Ban taɓa mantawa da ranar da tuwona ya shiga tayar mota ba, kuma ba na jin zan manta har ranar da za a ɗauke ni a makara. Ku da kuka gaji murhuna a tashar Batsari, kullum kuna jin direbobi suna cewa a zubo musu mai riƙe iska, kuna dariya, ba ku san mafarin maganar ba. To ku gyara zama.

A lokacin daji bai ɓaci ba tukuna. Mota takan bi ta Ruma da sassafe ko da yamma, babu mai waiwaye. Ni kuwa ina sayar da tuwo a tasha tun rasuwar Malam, uban 'ya'yana. Tuwon dawa nake yi, ina sirka shi da garin rogo, wato alabo, don ya yi danƙo ya zauna a ciki. Direba in ya ci malmala biyu da hantsi, sai ya je Katsina ya dawo bai tuna da yunwa ba. Amma kun san bakin 'yan tasha. Suka raɗa masa suna siminti. "Iya, a zubo siminti, a cika miya." Ina zubawa ina haɗiyewa, don mai sana'a ba ya faɗa da bakin mai saye. Amma Allah ya sani abin yana ci mini rai.

Ga wanda bai san tasha ba, ita ma gari ce da sarautunta. Akwai ciyaman, shi ne uban tasha. Akwai ɗan kamasho mai tara fasinja, sai direba, sai yaron mota, sai mai faci a gefe da injin bugun iska. Abin da ya riƙe su duka kuwa shi ne layi. Mota ba ta lodi sai layinta ya zo, ko ta wa ce.

To a kan layin nan rigima ta tashi. Akwai wata kasuwar ƙauye tsakaninmu da Safana, wadda in kaka ta yi gyaɗa ke cika ta maƙil. Motocinmu suna zuwa, na Safana suna zuwa. Wanda ya fara lodi shi ke kwashe kaya da mutane, na biyu sai ya yi zaman jira har rana ta yi sanyi. Kada ku ce ina ruwan mai tuwo. In motocinmu suka fara lodi, da azahar sun dawo tasha da fasinja masu yunwa, in kankare tukunya har ƙanzo. In suka zo na biyu, sai bayan magariba, kowa ya wuce gidansa, tuwona ya yi kwantai. Wannan kakar har an fara nuna wa juna sifana, ƙarfen kwance noti.

Ciyaman ɗinmu Alhaji Mamman, da na Safana Alhaji Bishir, suka zauna suka ce kafin a zubar da jini a yi gasa. Wani ya gani a waya yadda ake yi a wasu ƙasashe. Ba tsere ba ne na a jera a zabura. A'a. Za a jera jarkoki marasa komai a fili, kowace tasha ta kawo mota ɗaya da direba ɗaya, ya bi ta tsakaninsu yana karkacewa kamar maciji, ya je ƙarshe ya juyo. Ana duba agogo. Wanda ya ture jarka a ƙara masa lokaci. Tashar da ta ci ita ke fara lodi har kaka ta ƙare. Aka shafa fatiha a kan haka.

Mu muka tsayar da Lawal, wanda ake kira Lawal Kwana don iya shan kwana da mota, da ƙaramar motarsa ja. Na Safana kuwa motarsu ta fi tamu inji, kowa ya san wannan. Sai Malam Ilu mai faci, mutumin Karare, ya ce in ba za a fi su ƙarfi ba, to a fi su sauƙin ƙafa, a rage wa motar nauyin wili.

A gaban rumfata aka yi ta wannan shawara, don nan ne inuwa. Na ce, "Malam Ilu, motar da ke ɗaukar buhu goma, me nauyin wili zai yi mata?" Wili shi ne ƙarfen nan da ake sa wa taya.

Ya ce, "Iya, kina ɗaukar tulu a ka ki je rijiya ki dawo?"

Na ce, "Tun kafin a haife ka."

Ya ce, "To a sauke tulun, a ɗaura miki ɗan dutsen niƙa a kowace ƙafa, a ce ki yi rawa."

Na ce, "Ni ba na rawa." Amma na gane.

Aka tafi Katsina aka zo da wili kala-kala a kan za a mayar da wanda bai yi ba. Aka aro sikelin gyaɗa aka rataye a reshen bishiyar bedi, manyan mutane masu gemu suna auna ƙarfe kamar masu sayen zinariya. Lawal ya maƙale wa wasu masu ƙyalli, Malam Ilu ya ɗora su a sikeli ya ce waɗannan kwalliya ce kawai, sun fi na ƙarfen nauyi. Aka tsaya a kan wasu huɗu na goran ruwa, irin ƙarfen tukunyar nan marar nauyi, waɗanda aka ciro daga wata mota 'yar ƙasar waje. Ni da kaina na ɗaga ɗaya da hannu guda.

Sai aka dawo kan taya. Ciyaman yana son manya masu zurfin zane, don a cewarsu su ke da kwarjini. Malam Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, ba laka za mu shiga ba, fako ne busasshe. Doguwar taya in an sha kwana lanƙwasa take yi." Ya bi su ɗaya ɗaya yana danna farcensa a jiki. Wadda farce bai shige ta ba ya ture ta, ya ce ta bushe, za ta yi sulɓi. Ya zaɓi gajeru masu faɗi, masu taushin roba, irin marasa tiyub, don tiyub ma nauyi ne.

A nan aka yi kuskuren da sai 'yan tasha. Malam Ilu ya ce a bari ya haɗa su, ya ba su iska, su kwana a gani. Ciyaman ya ce, "Su kwana a ina? A fili, 'yan Safana su turo mai leƙen asiri? Ko a yi musu wani abin?" Ya sa aka naɗe su a tabarma, ya kulle a ɗakinsa, ya rataya makulli a wuya. Ba su ga rana ba sai safiyar gasa.

Ran nan muka ɗunguma zuwa wani fako a hanyar Safana. Ni ma na tafi da tukwanena, don inda taro yake nan kasuwata take. A hanya buhun alabona ya yage a bayan mota, gari ya zube inda ake ajiye jarkar fetur, ya sha mai. Na share shi tsaf na ƙulle a wani tsumma daban. Ba ya ciwuwa, amma ba a barin gari a ƙasa a taka.

An sa za a fara bayan azahar. Da hantsi aka ɗaura wa motar Lawal sababbin ƙafafu, ta tsaya kamar amarya. Ban gama tuƙa tukunyar farko ba na ga mutanenmu sun kewaye ta. Tayoyin gaba biyu sun sace. Malam Ilu ya sake ba su iska, ya zuba ruwan sabulu a bakin wili, sai ga kumfa tana tsattsafowa kewaye. Ashe bakin ya ciccinye. Wai a can ƙasar da wilin ya fito gishiri suke zubawa a kan hanya lokacin sanyi, shi ke cin ƙarfe. Gishiri, a hanya! Har yau in na tuna sai na riƙe baki.

Gam ɗin da ake shafawa babu, sai Katsina, kuma lokaci ba zai kai ba. A mayar da tsofaffin wili masu nauyi kuwa, Lawal ya ce gara a ba Safana layi tun yanzu a huta.

Sai ga Malam Ilu ya nufo ni, ciyaman na biye, Lawal a baya. Malam Ilu ya durƙusa. "Iya, ina wuni? Ina gajiya? Ya hayaƙi? Ya jikoki?" Mutumin da muka gaisa da asuba, muka zo a mota ɗaya.

Na ce, "Faɗi abin da ya kawo ka."

Ya ce, "Tuwonki muke so. Ba na ci ba. In na shafa shi a bakin wili, na mayar da taya, na buga iska, zai toshe ramukan. Na ga ana yi da teba a kudu. Naki kuwa ya fi teba danƙo."

Na ajiye muciya. Na ce, "Abincin da na yi wa bisimilla, ni'imar Ubangiji, shi za ku shafa wa taya ta taka kashin shanu? Ba da hannuna ba."

Ciyaman ya ce, "Haba Iya, ki dubi girman Allah. Layin nan har da ke."

Na ce, "Na sani, Alhaji. Ko zan yi kwantai har kaka ta fita, abin da ke cikin tukunyar nan na bakin mutane ne."

Suka yi cirko-cirko. Can 'yan Safana sun fara hango mu suna shewa. Sai idona ya faɗa kan tsumman nan na garin da ya sha fetur. Wannan dai ya riga ya fita daga abinci, kuma ga shi Allah ya kawo masa aiki.

Na ce, "Akwai hanya. Amma kafin nan, wa ya fara ce wa tuwona siminti?"

Duk ido ya koma kan Lawal. Ya cire hula, ya zube gwiwa biyu a ƙasa. "Iya, ni ne. Ƙuruciya ce. Amma don Allah yau ki yi shi ya fi kullum zama siminti."

Na so in daure, dariya ta ƙwace mini.

Na tankaɗe garin nan sau biyu don kada tsakuwa ta shiga. Na ɗora ƙaramar tukunya, na yi talge, na tuƙa alabo zalla babu dawa, har muciya tana tsayuwa da kanta. Malam Ilu ya karɓa da ɗuminsa, ya kankare bakin wili, ya shafa da yatsa kamar mai yaɓen rumbu, ya mayar da taya, ya buga iska. Muka ji ta yi ƙara, tau, ta zauna. Ya zuba ruwan sabulu. Babu kumfa ko ɗaya. Ya yi wa duka huɗun haka.

Da maza suka tafi salla, ni na zauna gadin mota, don awakin ƙauyen sun ji ƙanshi sun taho lasar taya. Na yi sallata a gefenta, muciya kusa da ni.

Direban Safana ya fara. Wani dogo ne, gwani ƙwarai, ba zan rage masa ba. Motarsa tana ruri kamar sa, in ta miƙe ba a ganinta. Amma a kowace kwana sai ta yi kamar ba ta son juyawa, gindinta ya fita, ƙura ta tashi. Wurin juyowa ta kwashe jarka ɗaya. Duk da haka malaman makaranta biyu da ke riƙe da agogo, namu da nasu, suka ce ya yi sauri.

Sai Lawal. Ni ba mota nake kallo ba, tayoyin gaba nake kallo, ina karanta duk abin da na iya. Motar nan ba ta yi ruri ba. Ta dinga shiga tana fita tsakanin jarkoki kamar allura a hannun mai ɗinkin hula. A juyowar ƙarshe ta kwanta gefe guda har na ce shi ke nan, yanzu tuwo zai saki. Bai saki ba. Ta wuce ba ta taɓa jarka ko ɗaya ba. Malaman suka haɗa kai, suka duba, na Safana da bakinsa ya ce Batsari ta ci, da ɗan kaɗan.

Ana cikin sowa sai Alhaji Bishir ya ɗaga hannu. Ya ce bai yarda ba, ya ga wani farin abu a bakin tayoyin, kuma an ga tsohuwa tana kaɗa muciya a kan mota. Asiri ne. Na ga samari sun fara matsowa, na ce yau abin da ake gudu zai faru.

Shi Bishir ɗin nan kuwa a tasharmu ya yi yaron mota kafin Allah ya ɗaukaka shi. Na ce, "Alhaji, na san ka tun kana da wando ɗaya. Duƙa ka duba asirin da kanka."

Ya tattara babbar riga ya tsuguna. Ya lakato da yatsa, ya shinshina, ya ja, abin ya biyo shi bai tsinke ba. Sai ya kai bakinsa. Ya tauna, ya tauna, ya ɗago ya dube ni.

"Wallahi hannun Iya ne. Shekara nawa ina cin abin nan. Sai dai yau fetur ya yi yawa, kuma babu miya."

Fili ya ɗauka da dariya gaba ɗaya, nasu da namu. Ya miƙa wa Alhaji Mamman hannu ya ce layi naku ne, abin da ya riƙe cikina tun ina yaro ba zan yi musu ba in ya riƙe taya. Daga nan ya zauna a bencina ya ce a zubo masa na gaskiya. Ran nan ban koma gida da ko ƙanzo ba, haka kuma kowace ranar kasuwa har kaka ta fita.

Abin da na koya a wurin 'yan mota shi ne, suna iya kwana bakwai suna auna ƙarfe a sikeli, su manta da ɗan bakin da ƙarfe da roba suke haɗuwa, alhali nan iska ke zama. Kuma bakinsu ya fi zuciyarsu kaifi. Wanda ya fi kowa zagin tuwonki, shi ne zai gane shi ko a jikin taya. Saboda haka in sun tsokane ku kada ku yi fushi, ku cika musu miya. Amma alabon nan kada wadda ta rage shi. Ba ku san ranar da za a zo nema ba.