Muryar da Sumaila Ke Bi

Shekara arba'in da ɗaya ke nan da rasuwar yayana Habu, wanda duk Filinge ke kira Kafaran saboda muƙaminsa na soja. Har yau ba na son bi ta bakin fadama da sassafe, kuma yau zan faɗi dalili.

Yana sojan Faransa ne ya ga makafi suna wasan sulɓi kan dusar ƙanƙara da katako a ƙafa, mai ido na gaba yana kira. Da ya dawo bayan samun 'yancin kai, ya ce mu ƙanƙara ba mu da ita, amma yashi sai wanda ya gaji. Ya tara makafin yankinmu na Kurfai yana koya musu tsere. Mutane suka ce soja ta taɓa masa kai. Ni ma na faɗa, Allah ya yafe mini.

Ba sanda, ba riƙon hannu. Yana gaba yana cewa "nan, nan, nan," kana bi. Bai taɓa cewa "tsaya" ba, don kowane ɗan kallo na iya faɗar haka. In dai murya na tashi, ci gaba da gudu. In ya yi shiru, ka ƙame inda kake.

Da ya ga samarin yau, ido garau, kunne toshe da waya a tsakiyar titi, na san da ya sha dariya.

Shekarar babban fari zazzaɓi ya ɗauke shi. Bayan sadakar arba'in, Sumaila, magidancin da ya fi kowa gudu cikin makafin, ya zo ya ce in ja shi a gudu kamar yadda yayana ke yi. Na yarda don kunya. A lokacin makiyaya sun haƙe fadama da rijiyoyi suna neman ruwa, wasu zurfinsu gaba bakwai, ba ko itace a bakinsu.

Muna cikin gudu a fadama da sassafe na yi tuntuɓe, Sumaila ya wuce ni, ga rijiya a gabansa. Maimakon in rufe bakina, sai na dinga ihu: "Tsaya! Sumaila, tsaya!" Ina ihu yana ƙara wuta. Ni da bakina nake tura shi.

Taku ɗaya ya rage ya ƙame. Yashi na zuba cikin ramin daga ƙarƙashin yatsunsa, ni kuwa ban daina ihu ba.

Na ce, "Wa ya tsai da kai?"

Ya ce, "Ai ba kai nike bi ba. Kafaran na gaba tun da munka tashi. Yanzu ya yi shiru."

Ban sake jan kowa ba. Yayana bai bar gida ba, bai bar ɗa ba, makafinsa duk sun rasu sai Sumaila, wanda ya tsufa har ba ya iya fita masallaci. Ranar Juma'a na je gaishe shi, na tambaye shi ko har yanzu yana ji.

Ya ce, "Kullum da safe. Da can nesa yake kira. Kwanan ga a bakin ƙofa yake tsayawa."